Jirgin da Ya Tsaya a Sararin Katabu

Ku da kuke biye da ni, ku gyara zama. Asabar ɗin da na daɗe ina fargaba ta zo ta wuce, kuma ba ta zo yadda na zana ta a raina ba.

Ga wanda yau ya fara shigowa, sunana Bara'atu, autar Alhaji Ahmadu, tsohon darakta a ma'aikatar gwamnati da ya yi ritaya. Gidanmu a Doka yake, cikin Kaduna. Na karanta kwamfuta a Zariya, na gama bautar ƙasa, yanzu ina aiki a wani ƙaramin ofis a cikin gari. Abu ɗaya ya raba ni da sauran 'yan matan layinmu. Idan na dawo daga aiki na yi wanka na ci abinci, ba fim nake kunnawa ba, jirgin yaƙi nake tuƙawa. A kwamfuta fa, kafin wata ta ɗauka soja ce ni.

Yaya Suhaib ne ya bar mini kayan da zai tafi karatu waje: kwamfutarsa mai nauyi, sandar tuƙi, da totur ɗin da ake turawa da hannun hagu. Kar ku ɗauka irin wasan harbe-harben yara ne. Kafin ka tashi sai ka kunna batir, ka buɗe mai, ka jira injin ya kama. In ka ja sandar da garaje, iska ta sulle daga fikafikan, jirgin ya faɗo da kai kamar buhu. Na daɗe ina farfasa jirage kafin in iya sauka ɗaya lafiya. Kullum da abin kunne nake yi, ƙofa a rufe, domin Abba ba ya son ƙarar jirgi. Ko na gaske ne ya gitta ta saman gidanmu, tashi yake ya shige ɗaki.

A nan na haɗu da Sharhabil. Shi da wasu samari ne suka haɗu suna gina ƙaramin jirgin horon soja na cikin wasan, da taswirar Kaduna, suna sayar wa masu sha'awa a ƙasashe daban-daban. Na sauke na gwada, raina ya ɓaci. Kogin Kaduna sun miƙar da shi kamar kwata. Itatuwan duk na ƙasar sanyi ne, ko mangwaro ɗaya babu. Shanun da suka zuba a wajen Katabu kuwa ƙafafunsu ba sa taɓa ƙasa, a iska suke kiwo. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne jirgin kansa. Na saita zafin watan Afrilu, na cika shi da mai da kaya, ya tashi fir kamar da sanyin asuba, alhali iska mai zafi ba ta ɗaukar jirgi da sauƙi. Na kashe injin a sama, ya yi ta shawagi kamar shaho ba ya ko niyyar saukowa.

Na shiga guruf ɗinsu na rubuta musu duka, ban rage komai ba. A ƙarshe na ce, "Wannan ba jirgi ba ne, takarda ce."

Mutum ɗaya ne kawai ya amsa, Sharhabil. "Ɗan'uwa, ka yi gaskiya. Ni na yi lissafin. Ko za ka taimaka mini da gwaji?"

Ɗan'uwa. Haka ya yi ta kira na wata da watanni, don Bara kawai na sa a matsayin sunana a guruf ɗin, ni kuma ban gyara masa ba. Yana gyara lissafi yana turo mini, ina tashi ina faɗowa ina rubuta masa abin da na gani. Ranar da muka fara magana da murya na yi sallama. Sai ya ce, "Don Allah a ba wa Bara waya." Na ce, "Ita ce." Har yau in na tuna masa sai ya rufe fuska.

To, a gida kuma Gwaggo Harira, yayar Abba, ta sa ni a gaba. Duk zuwan da za ta yi sai ta kawo zancen Mubarak, ɗan ƙawarta mai aiki a banki.

"Yaro ga mota ga natsuwa. Ke kina ɗaki kina wasa da sanda, sa'anninki suna goyo."

Umma ba ta tsawata mini, amma kallon da take yi mini ya fi faɗa. Da abin ya ishe ni na ce wa Umma akwai wanda nake so, wato Sharhabil. Ta faɗa wa Abba. Abba ya ce, "Ya zo ranar Asabar bayan la'asar in gan shi."

Ranar Asabar ɗin tun safe nake kai-kawo. Na goge kujerun falo, na sa turaren wuta, na dama kunun aya na sa a firji, Umma ta soya cincin da dambun nama. Na ciro atamfa ruwan zuma na mayar, na ciro leshi na ga ya yi yawa kamar mai zuwa biki. A ƙarshe doguwar riga ruwan toka na sa da mayafi mai ɗan duhu, kwalli kawai da man leɓe. Gwaggo kuwa tun azahar ta iso da jakarta, ta ce wucewa take yi. Wucewar da ta cire takalmi ta nemi filo.

Wayata ta yi ƙara, Sharhabil ne.

"Na taso. Shadda fara ko shuɗiya?"

"Ka taso kuma kake tambaya?"

"Na sa farar, shuɗiyar tana bayan mota ko da za ki ce a'a."

"Bar farar. Kar ka ja sanda da garaje dai."

"Gaban Abba zan je, Kyaftin. Wannan ba ya cikin lissafi."

Na yi dariya ni kaɗai a kicin har Umma ta leƙo.

Ya iso da farar shaddarsa da hula zanna, dogo siriri, da gilashinsa mai kauri. Ya durƙusa har ƙasa ya gaida Abba, ya ƙi hawa kujera, ya zauna a kan kafet. Na ajiye tire zan fita, Abba ya ce, "Zauna, ai maganarki ce." Na raɓe a gefen Umma. Gwaggo tana kujerar kusa da taga, ta gyara mayafi kamar alƙali.

"Ɗan wane ne kai?" in ji Abba.

"Ɗan Malam Labaran ne na Rigachikun, Abba. Yana da makarantar allo a can, ni ma a gabansa na sauke."

"Masha Allah. Sana'a fa?"

Mun sha tattauna yadda zai amsa wannan. Na ce ya ce injiniyan kwamfuta kawai, ai ba ƙarya ba ne. Ya ce zai gani.

"Lissafi na karanta, Abba. Na so in zama matuƙin jirgi, idona ya hana. Yanzu ni da abokaina muna gina jirgi na cikin kwamfuta, wanda mutum zai zauna a ɗakinsa ya tuƙa kamar na gaske. Da shi nake ci nake sha."

"Wasa kenan," in ji Gwaggo. "Babba da kai."

"Wasa ne, Gwaggo. Sai dai muna ƙoƙarin kada ya yi ƙarya."

Abba bai yi dariya ba, bai kuma ɓata rai ba. Ya ajiye kofinsa a hankali. "Wane irin jirgi?"

"Na horon soja, mai kujera biyu."

Na ga Gwaggo ta ɗaga ido ta kalli bango, ta sauke. Hoton Baffa Ismail ne a wurin, ƙanensu, cikin kakin soja, yana murmushi. Ya rasu tun ba a haife ni ba, jirginsa ne ya faɗi a wajen horo. Iyakar abin da na sani kenan, don ba a zancen a gidanmu. Kuma ni, da wautata, ban taɓa faɗa wa Sharhabil ba.

"Kamar na gaske ka ce," in ji Abba. "In injin ya mutu jirgi yana tashi, naku yana nuna abin da ke faruwa?"

Sharhabil ya kalle ni, na sunkuyar da kai. Ya ce, "Da ba ya nunawa daidai. Bara'atu ce ta gano, muka gyara. Yanzu ya kusa."

"Kusa?"

"Kusa, Abba. Ba zan ce maka daidai ba."

Abba ya nuna hoton da haɓarsa. "Ƙanena ne. Haka aka ce mana ya faru da shi, yana barin ƙasa injin ya ɗauke. Ina so in gani."

"Ahmadu," in ji Gwaggo, muryarta ta sauka. "Me za ka tono?"

"Yaya, bar ni."

Ni na ɗauko kayan daga ɗaki. Ku yi tunanin abin da na shekara ina ɓoyewa, yau ga shi a tsakiyar falo a kan teburin da ake ajiye wa baƙi shayi. Sharhabil ya haɗa kwamfutar da babbar talabijin. Kafin ya kunna ya juyo ya fuskanci Abba.

"Abba, bari in faɗi wani abu tukuna. Wannan lissafi ne, ba shaida ba. Ban san iskar ranar ba, ban san nauyin jirginsa ba, gidajen da ke taswirar nan na yanzu ne. Kuma kwamfuta ba ta san nauyin da ke danne ƙirjin matuƙi ba. Duk abin da ka gani, kar ka ɗora shi a kan Baffa a matsayin hukunci."

"Na ji. Wa zai tuƙa?"

"Ita ta fi ni hannu."

Umma ta juyo ta kalle ni kamar yau ta fara gani na.

Na zauna, na naɗe gefen mayafina a kafaɗa. Na kunna batir, na buɗe mai, injin ya fara kuka a hankali yana hawa. Karo na farko da ƙarar ta fita a fili a gidanmu. Na saci kallon Abba, yana nan zaune bai motsa ba. Na tura totur, titin ya fara gudu a ƙarƙashina, na ɗaga hancin jirgin, na naɗe tayoyi. Rufin gidaje ya fara ƙanƙancewa.

Sharhabil ya danna maɓalli ɗaya. Ƙarar ta mutu.

Na tura hancin ƙasa don kada gudun ya ƙare. Jar fitila ta kama, ƙararrawa tana ihu. Na duba dama gidaje, na duba hagu akwai fili, na karkata, na gwada tada injin bai kama ba, ƙasa ta taso mini. Allon ya yi baƙi.

Duka abin bai kai tsawon karanta Fatiha ba.

Fanka kawai ke juyawa.

"Shi kenan?" in ji Abba.

"Shi kenan, Abba."

"Ɗan lokacin nan?"

Sharhabil ya ce, "In a wannan tsayin ne, ba zai wuce haka da yawa ba. Wannan ɓangaren na yarda da lissafinsa."

Abba ya juyo gare ni. "Me kika ji?"

Na tsaya na nemi gaskiyar a raina kafin in amsa. "Ban samu sararin jin komai ba, Abba. Hannuwana ne suke ta aiki. Ina neman fili, ina duba gudu. Sai yanzu da ya ƙare ƙirjina yake bugawa."

Ya jingina da kujera ya lumshe ido. Da ya buɗe, da Gwaggo yake magana. "Yaya, shekarun nan duka ina ganinsa a sama shi kaɗai, yana jira, yana kiran Inna. A raina abin yana da tsawo ƙwarai. Ashe aiki yake yi."

"Ismail ai ba ya zama," in ji Gwaggo, tana goge ido da bakin mayafi. "Ko tuwo yake ci ƙafarsa tana rawa."

Abba ya yi 'yar dariya, irin wadda ban taɓa ji daga bakinsa ba. Suka yi masa addu'a, muka shafa. Na ɗauka an gama, har na kai hannu zan cire waya, sai Abba ya matso bakin kujera.

"A sake. Amma kar a kashe injin. Ina so in ga abin da yake gani da har ya ƙi aikin ofis."

Na tashi da jirgin, na daidaita shi, na miƙe da shi arewa ta saman Kawo, titin Zariya yana ƙarƙashinmu kamar zare. Sannan na matsa na ba shi wuri. Abba ya cire hularsa ya ajiye a hannun kujera, ya kama sandar da hannu biyu kamar mai riƙe taɓarya.

"Da yatsu, Abba," in ji Sharhabil. "A hankali, kamar kana riƙe da alƙalami."

Jirgin ya yi dama, ya yi hagu, Umma ta dafe kujera kamar da ita a ciki. Can ya daidaita. Rana tana gangarawa a allon, gonaki kore shar, kogin da muka sha wahalar lanƙwasawa yana ƙyalli daga nesa a baya.

"Ina ne nan?"

"Katabu ce, Abba."

"Waɗancan shanu ne?" in ji Gwaggo, ta taso har gaban talabijin. "Me ya sa suke tsaye a iska?"

Sharhabil ya sosa ƙeya. "Mun gyara na gabas, Gwaggo. Waɗannan sun gagare mu."

"Ka ce ba ya ƙarya."

"Shanun suna yi."

Gwaggo ta ƙyalƙyale da dariya har da riƙe ciki. Ni dai a raina na ce Mubarak, Allah ya haɗa ka da rabonka.

Muna cikin haka hoton da ke allon ya tsaya cak. Ƙarar injin ta maƙale a sauti ɗaya, sannan ta ɗauke. Jirgin yana nan a sararin Katabu, fiffike ɗaya ya ɗan karkata, hasken yamma a jikin gilashinsa, ba ya gaba ba ya baya. Na san matsalar. Duk lokacin da aka daɗe a wannan yankin taswirar tana cika wa kwamfuta ciki ta daskare. Mun yi makonni muna nemanta, kuma sai yau ta ga damar fitowa a gaban Abba.

Gumi ya karyo wa Sharhabil. "Ka yi haƙuri, Abba, laifinmu ne. Bari in kashe in sake kunnawa."

Abba ya ɗaga hannu. "Bar shi haka."

Ya saki sandar, ya zauna yana kallon jirgin da ya ƙi faɗowa. Mu ma muka zauna. Umma ta tsiyaya masa kunun aya ta miƙa masa, ya karɓa bai ɗauke ido daga allon ba. Har aka fara kiran magariba talabijin ɗin tana nan a haka, babu wanda ya taɓa ta.

Da zai tashi alwala ya dafa kafaɗar Sharhabil. "Da ka ce mini daidai yake da na gaske, da ban yarda da sauran maganarka ba. Tashi mu je masallaci."

Suka fita tare, Abba a gaba, shi a baya yana riƙe masa da darduma. Gwaggo ta bi su da kallo ta taga.

"Siriri ne dai," ta ce. "Sai an dage da ciyarwa."

Umma ta matse mini hannu a ɓoye. 'Yan'uwa, ban san lokacin da na shige kicin na tsaya gaban tukunya ina murmushi kamar wata sakarya ba.

Bayan sun dawo na raka shi bakin mota, Abba yana tsaye a ƙofar gida. Har Sharhabil ya buɗe ƙofa, Abba ya ce, "Ranar Juma'a a Rigachikun zan yi salla in sha Allahu. Ka faɗa wa Malam zan biyo mu gaisa. Ba sai an jira manya sun tako ba, ni ma ina son in san gidan."

"To, Abba. Allah ya kai mu."

Bakinsa ya amsa, amma na ga fuskarsa ta canja. Na san fuskar nan. Ita yake yi in lissafi ya ƙi fita.

Ina ɗaki ina warware mayafi saƙonsa ya shigo. Ashe bai yi nisa ba, a bakin titi ya tsaya.

"Kyaftin, akwai matsala."

"Wace iri? Ai ka ci jarrabawa."

"Malam bai san abin da nake yi ba. A saninsa gyaran kwamfuta nake yi a Kawo."

Na zauna a bakin gado. "Kai da ka ƙi ɓoye wa Abba?"

"Abba ya tambaye ni. Malam bai taɓa tambaya ba, ni kuma ban taɓa samun ƙarfin farawa ba. Mutumin da ko ludo bai yarda a shigo masa da shi gida ba, in ce masa wasan jirgin yaƙi nake sayarwa?"

"To ka faɗa masa kafin Juma'a."

"Zan gwada. Ke dai ki roƙi Abba kada ya ɗauko zancen aikin, in samu in bi da Malam a hankali."

Na fara rubuta masa cewa ya kwantar da hankalinsa, wannan mai sauƙi ne, Abba ba mai yawan magana ba ne. Ban kai ga turawa ba na ji takun Abba a baranda, ya ƙwanƙwasa ƙofata. Fuskarsa a sake, har da sauran murmushi.

"Bara'atu, ranar Juma'a ki haɗa mini kwamfutar nan da sandar a bayan mota. Ina so Malam ya ga aikin ɗansa da idonsa."